Malamin da Ya Ƙi Buga Hatimi

An ce wani sarki ya kafa majalisar masu duba ayyukan hakimansa, ya sa musu wani malami masanin fiƙihu, Malam Ɗalhatu, ya yi umarni kada hukuncinsu ya zartu sai da hatiminsa.

Wata rana makiyaya suka kawo kuka, cewa hakimin Rafin Gawo, Barde Jatau, ya nome burtalin shanunsu. Masu duba suka je suka tarar da dawa ta yi kai a kan hanyar, suka rubuta a tuɓe rawaninsa. Malam ya karanta, ya mayar da hatimi aljihu.

Sarki ya kira shi cikin fushi, ya ce, "Malam, na ɗauke ka ka taimaki idanuna, ko ka rufe su?"

Ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, mene ne ke rufe ido, amma ido bai taɓa kai ƙararsa ba?"

Sarki ya ce, "Fatar ido."

Ya ce, "To, aikina ke nan. An ji makiyaya, an ga dawa, amma ba a ji Barde ba. Shari'a kuwa ba ta tuɓe mutum da kunne ɗaya."

Aka aika a kira Barde, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, "Kai, wa ya ba ka izinin nome hanyar dabbobi?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bara da ka zo rangadi, ka tsai da doki a wurin, ka ce, 'Kai, wannan ƙasa da dawa za ta yi kyau!' Mu kuwa bayi, sha'awar sarki umarni ce. Dawar ma taka ce, ko zangarniya ban taɓa ba."

Sai sarki ya fashe da dariya har ya share hawaye, ya ce, "Malam, da ka buga hatimin nan, rawanin wa ya kamata a tuɓe?"

Malam ya ce, "Ya sarki, wannan mas'ala tana bukatar dogon nazari."

Sarki ya sa aka buɗe burtali, aka raba dawar ga makiyaya, Barde ya koma gida da rawaninsa. Sannan ya dubi fadawa ya ce, "Wanda ya yi hukunci kafin ya ji ta bakin wanda ake tuhuma, wataƙila kansa ya yanke wa bai sani ba."