Manomin da Ya Koma Gida da Maganin 'Yarsa

Ku zauna da kyau, ku bar motsi. Wannan misali na iyaye ne, amma yara ma su buɗe kunne, gama wata rana su ne iyayen.

An yi wani manomi a wani ƙauye, yana da gonar dawa da ta gyaɗa, da matarsa, da 'yarsu mai suna Afiniki. Mutum ne wanda ba ya fashin sujada. 'Yar nan kuwa tana da farfaɗiya tun tana shekara bakwai. Ranar da ta fara faɗuwa, a bakin murhu ta faɗi, hannunta na hagu ya shiga wuta, yatsu biyu suka manne da juna. Iyayen suka kai ta asibitin mishan a ɓoye. Aka ba su wata 'yar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, aka ja musu kunne kada a tsallake ko da rana ɗaya. Suka kiyaye, ciwon ya kwanta.

Amma sunan ciwon bai taɓa fita daga bakin mutumin nan ba. In aka tambaye shi hannun yarinyar, sai ya ce, "Ƙuna ce ta ƙuruciya." Gama a ƙauyen nan, in aka san kana da farfaɗiya, ba mai shan ruwa a moɗar da ka sha, ba mai sa hannu a kwanon tuwonka, ba kuwa mai zuwa neman aure a gidanku.

Da Afiniki ta kai shekara sha shida, aka yi sanarwa a majami'a cewa a hutun damina ikkilisiyoyin gundumar za su yi sansani na kwana bakwai, domin guragu da makafi da kurame, da masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, irin su sikila da ciwon suga. A wata tsohuwar makarantar kwana za a yi, kusa da rafi. Za a yi waƙa da addu'a, a koyi saƙa da yin sabulu, a ci a ƙoshi.

Afiniki ba ta taɓa kwana a wani gida ba sai na ubanta. Ta roƙa, ta sāke roƙo. Uwarta ta ce, "Maigida, ka bar ta ta je. Shekara tara tana tsakanin ɗaki da tsakar gida. Ta ga mutane mana." Ta ƙulle ƙwayoyin kwana bakwai a cikin takarda, ta sa masa a hannu. Ya cusa su cikin hularsa, ya ɗauki yarinyar a keke, suka tafi.

To, ga yadda ake yi a sansanin nan. A bakin ƙofa, ƙarƙashin mangwaro, akwai tebur. A bayan teburin akwai wata tsohuwar nas da ta bar aiki, ana ce da ita Mama Biriskila. Kowa ya zo sai ya faɗi ciwonsa, ya miƙa maganinsa, a rubuta sunansa a jiki, a sa a kwando. Ba a barin magani a ɗakin kwana, har jaka ake dubawa, saboda ƙananan yara da makafi kada wani ya sha na wani. Kuma abin da ka faɗa a teburin nan, da shi ake sanin aikin da za a ba ka. Mai sikila ba ya taɓa ruwan sanyi. Mai ciwon suga kununsa dabam. Mai farfaɗiya ba ya zuwa kusa da wuta ko rafi shi kaɗai.

Manomin nan ya shiga layi. Da ya waiwaya, sai ga maƙwabcinsa Dogara a bayansa, ya kawo tsohuwarsa makauniya. Dogara kuwa in ya ji magana da safe, kafin rana ta yi tsaka masu sayar da manja a kasuwa sun sani.

Mama Biriskila ta ce, "Ɗana, me ke damun yarinyar?"

Ya sunkuya, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ɗaga murya! Kunnen nan nawa tare muka bar aiki da shi."

Mutane suka yi dariya. Dogara ya miƙo wuya.

Manomin ya ce, "Hannu ne, Mama. Ƙuna ce."

"Shi ke nan? Ba ta shan wani magani?"

"Ba ta shan kome."

Afiniki ta ɗaga ido ta dube shi. Ya kau da kai. Da suka koma gefe ya ce mata, "Kwana bakwai ne kawai, kuma wurin addu'a ne. In muna da bangaskiya, me za mu yi da ƙwaya? Ki kama bakinki." Yarinya ce mai biyayya, ta ce, "To, Baba."

Ya hau kekensa ya koma gida, maganin yana bisa kansa. Matarsa ta tare shi a ƙofa ta ce, "Ka ba su?" Ya ce, "An gama."

Daga ranar tuwo ya daina wuce masa. In yana noma ya ji wata mace ta ƙwala kira daga nesa, sai fartanya ta kuɓuce masa. In babur ya tsaya a bakin hanya, sai ya miƙe yana jira a ce da shi ake. Hular nan ko a gona ba ya cire ta, don kada matarsa ta ɗauka ta wanke. Yana addu'a, amma addu'ar ba ta wuce haƙoransa, gama ya san abin da ke kansa.

A rana ta huɗu, da sassafe, Dogara ya biyo ta gefen gonar. Jiya ya kai wa tsohuwarsa bargo a sansanin. Ya tsaya yana dariya, ya ce, "Maƙwabci, ai 'yarka ce sarauniyar wurin! Na ce musu, me mai lafiya take nema cikin marasa lafiya, ko tuwon banza aka aiko ta ta ci? Da yake ƙafarta lafiya, idonta lafiya, sun haɗa ta da wata 'yar mitsitsiyar gurguwa, wai ita Keziya. Ita take goya ta duk inda za a je. Yau ma da hantsi za su gangara rafi, wanka da wanki."

Manomin ya zabura. Ya yar da fartanya a tsakiyar gona, ya ruga ya ɗauki keke.

An kwana ana ruwa, hanya ta zama taɓo. Ya tuƙa, ƙafar keken ta nutse. Ya fizgo, sarƙa ta zame. Ya jingine keken a jikin wata ɗorawa, ya kama gudu da ƙafa, shi da rabonsa da gudu tun yana saurayi. Abu ɗaya yake gani a gabansa: yadda Afiniki take goyo. Uwarta ce ta koya mata. Zane tukuna, sa'an nan majanyi, ƙulli biyu, a ja shi tam. In ta faɗi a ruwa, ba ita kaɗai za ta faɗi ba. Kuma 'yar ta wasu ce, ba ta da ƙafar da za ta tokare ƙasa.

Ya iso makarantar, ba kowa sai masu girki. Suka nuna masa hanyar rafi. Da ya kai bisa gaɓa, sai ya hango su duka a ƙasa. Masu keken guragu a kan yashi, makafi suna zaune ana zuba musu ruwa a ƙafa, ana waƙa ana tafi. Ga tsohuwar Dogara, ga wasu mata biyu na ƙauyensu. Ga kuma Afiniki cikin ruwa har gwiwa, jan ruwan damina, da yarinyar ɗaure a bayanta tana ƙyalƙyala dariya.

Ku ji taurin zuciyar ɗan adam. Ko a lokacin nan, abin da ya fara zo masa shi ne ya gangara a hankali, ya kira ta gefe, kada kowa ya gane.

Sai ya ga kanta ya fara juyawa hagu. Ya ga bakinta yana motsi kamar mai tauna abu. Ya ga hannunta na dama yana tsinkar zane. Ya san alamun nan. Ya san bai fi numfashi uku ya rage ba, shi kuwa yana nesa.

Ya buɗe baki ya yi ihu, "Ku kwance goyon! Farfaɗiya gare ta! Farfaɗiya!"

Waƙa ta tsaya. Har Mama Biriskila ta ji.

Afiniki ta sandare, ta tafi ta gefe, ta faɗa ruwa. Jan ruwan nan ya rufe su su biyu.

Wata gurguwa mai suna Salamatu tana zaune a bakin ruwa tana wanki. Ita ce mafi kusa. Ta ja jikinta da hannu biyu ta shiga, ta lalubo, ta kama majanyin, ta ɗago kan ƙaramar sama da ruwa, ta riƙe. Tana ihu, "Ku zo ku ɗaga babbar! Ba ni da ƙafa, ku zo!" Maza biyu masu hidima suka faɗo, suka ciccibo su tare, gama ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa. A kan yashi aka yanke majanyin da wuƙa.

Keziya ta yi shiru. Mama Biriskila ta kifa ta a cinya tana bubbuga bayanta. Shiru. Manomin ya gangaro da gudu ya tsaya a kansu. Can sai yarinyar ta yi tari, ta amayo ruwa, ta tsala kuka.

Afiniki kuwa goshinta ya fashe a dutse, tana jijjiga, kumfa yana fita. Uban ya duba ya ga ko mutane za su watse. Ba wanda ya gusa. Aka kwantar da ita ta gefe, aka naɗe zane aka sa ƙarƙashin kanta, ba wanda ya cusa mata cokali a baki. Salamatu ta cire ɗankwalinta ta share mata kumfar.

Da jikin ya lafa, Mama Biriskila ta miƙe ta ce, "Ina maganinta?"

Manomin ya cire hula, ya miƙa mata ƙullin takardar.

Ta ce, "Kwana huɗu yana kanka."

Ya ce, "Mama, tsoro na ji."

"Tsoron wa? Dubi can. Saurayin can yana da ita. Matar can mai jan kallabi tana da ita. Mutum biyar nake ba irin ƙwayar nan kowace safiya, ba mai shiga ruwa a cikinsu sai da mutum biyu a gefensa. Da ka buɗe baki, da 'yarka tana cikinsu tana wasa." Ta nuna Keziya. "Uwar wannan ta ba ni amanarta tana kuka, ita kaɗai gare ta. Ba ni zan gaya mata ba. Kai za ka je ƙauyensu yau, ka faɗa mata da bakinka."

Afiniki ta buɗe ido. Ba ta tambayi ko an gan ta ba. Ta taɓa bayanta ta ji wayam, ta ce, "Baba, ina Keziya?"

Mutumin nan ya durƙusa a yashi ya rufe fuska. Ranar kuwa ya taka da ƙafa har ƙauyen, ya tsaya a gaban uwar yarinyar, ya faɗi abin da ya yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo ƙauyen manomin duka ya sani. Waɗansu suka janye moɗarsu, waɗansu ba su janye ba. Tabon goshin Afiniki bai ɓace ba.

Yanzu ga ma'anar misalin, ku riƙe ta.

Manomin nan mu ne, duk mai marar lafiya a gida yana ɓoyonsa a ƙuryar ɗaki. Kunya ya ji, ya sa mata suna bangaskiya. Ni ban yi boko ba, amma na san Allahn da ya tsiro da dawa shi ne ya ba likita sanin magani. Ban taɓa ganin wanda ya ce yana da bangaskiya saboda haka ya daina cin tuwo ba. Ka yi addu'a, ka haɗiyi ƙwayarka. Wanda ya hana ɗansa magani don a ce shi mai bi ne, ba Ubangiji yake girmamawa ba, gwada shi yake yi.

Teburin nan kuwa ikkilisiya ce. Ubangijinmu Yesu bai taɓa gudun mai ciwo ba, amma masu hidimarsa mutane ne, ba sa ganin cikin hula. Abin da ba ka faɗa ba, ba za su iya tsare shi ba. Kuma ƙaryar da ka yi don ka rufa wa gidanka asiri ba a gidanka za ta tsaya ba. A bayan 'yarka akwai 'yar wani a ɗaure.

Kada kuma ku mance da Dogara. Kuna tsammani wa ya rufe bakin manomin nan? Wanda ya miƙo wuya. Akwai Dogara a kowane benci na majami'ar nan, maza da mata. In kina janye kwanonki daga yaro mai farfaɗiya, ciwon da ba a ɗauka ta yawu ko ta ruwa, to, ki sani da hannunki a cikin abin da ya faru a rafin nan, kuma za a tambaye ki.

Bana ma za a yi sansani. Mai gurgu ya kawo, mai makaho ya kawo, mai sikila, mai farfaɗiya, ku fito da su su sha iska cikin 'yan'uwansu. Ku zo da maganin a hannu, ku faɗi sunan ciwon da ƙarfi, ko wane ne yake tsaye a bayanku. Manomin nan ya iso bakin rafi da sauran numfashi uku. Ba wanda ya yi muku alkawari ku ma za ku iso.