Akwatin Gobe

Akwai wani mai gyaran firiji da mutanen layinsu ke kira Sanyi. Sunan daga sana'a ya samo shi, ba daga hali ba, domin mutum ne mai gaggawa, ko shayi ba ya jira ya huce. Hannunsa na da kyau a aiki, kuma ya san da haka, sanin da ya ɗan yi masa yawa. In ka kawo masa shawara, da kunne ɗaya yake sauraronka, ɗayan yana can wajen injin da ke ƙara.

Gida ɗaya suke da mahaifiyarsu, Inna, da kuma yayansa. Yaya mutum ne shiru-shiru. Tun da matarsa ta rasu bai sake aure ba, abin da ke ɗebe masa kewa shi ne wata 'yar mesa da yake kiwo a akwatin gilashi cikin ɗakinsa. Ba irin ƙatuwar nan ba ce. Tsawonta bai fi hannun mutum da yawa ba, ba ta da dafi, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Gimbiya yake kiranta. Maƙwabta sun yi surutu har sun gaji sun bar shi da abarsa.

To, mesa dai ba ta cin ganye. Saboda haka a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin Yaya ya jera robobi a kan katako, ya huhhuda murafunsu don iska, ya shimfiɗa garin katako a ciki, yana kiwon fararen ɓeraye. Kowace roba da kwalbar ruwanta da ɗan kwanon hatsi. Su haihu, su girma, in lokacin cin Gimbiya ya yi ya ɗauki ɗaya ya kai mata.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Yaya, har likitoci suka ce sai ya zauna a wani asibiti mai nisa na tsawon lokaci. Kafin ya tafi ya zaunar da ƙanensa, ya yi masa dogon bayani a kan Gimbiya: ɗumin da akwatin ke bukata, ruwan da ake sauya mata, yadda za ka tsaya a kanta har ta ci, in kuma ba ta ci ba ka fitar da ɓeran nan take. Ya gaya masa alamun lokacin saɓa, wato lokacin da maciji ke sauya fata.

"Amana ce na bar maka," in ji Yaya. "Ina so in dawo in same ta."

Sanyi ya ce wanda ke ta da mataccen firiji ba 'yar macijiya ce za ta gagare shi ba.

Daga nan duk lokacin da Yaya ya kira waya, kafin ya tambayi ciwon gwiwar Inna sai ya tambayi Gimbiya. Inna takan yi tsaki ta ce ta gode, ashe maciji ya fi ta daraja. Amma ta san gaskiya, Sanyi ma ya sani: mutumin nan ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, kuma ba ta tashi sai in ana zancen dabbar nan.

Ba a daɗe ba Sanyi ya fara gyara tsarin yayansa, don shi bai taɓa ganin abin da ba ya bukatar gyara ba. Ya ware wata roba wadda babu komai a cikinta, ba hatsi, ba ruwa, ya sa mata suna akwatin gobe. Ɓeran da aka zaɓa a nan zai jira. Hujjarsa ita ce ƙosasshen ɓera kwanciya yake yi, mai jin yunwa kuwa zai yi ta zirga-zirga har ya ja hankalin mesa. Tsayuwa a kanta ma ya soke ta. Da safe ya jefa ɓera ya rufe, ya tafi shago. Yawanci in ya dawo da yamma babu ɓera. Wani lokaci kuma ya tarar da shi a lungu yana lasar gashin baki, Gimbiya ba ta kula shi ba, sai ya ɗauke shi ya mayar. Babu abin da ya taɓa faruwa, wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Ita Inna ba ta shiga ɗakin Yaya, ko giftawa za ta yi sai ta kau da kai. Ɓeraye ma ba ƙawayenta ba ne, ta ƙare rayuwarta tana korarsu daga kicin da tsintsiya. Sai dai bangon kicin ɗin shi ne bangon ɗakin ɓerayen. Tana yankan albasa tana jin ƙaramin farce yana karce roba, ya tsaya, ya sake. Abin ya hana ta sakat. Sai ta riƙa lallaɓawa da ɓawon burodi da guntun karas, da ruwa a murfin kwalba, ta ajiye a akwatin gobe, ta fito tana faɗa wa kanta cewa ba don tausayi ta yi ba, don ta samu shiru ne.

Wata rana Sanyi ya tarar da murfin kwalbar. Ya fito da shi a tafin hannu yana dariya.

"Inna, abinci ai ba ya cin abinci."

"Kafin goben ta zo, ai a yau yake," in ji Inna. "Ciki gare shi kamar naka."

Ya ce in aka bar ta, nan gaba kaɗan za ta raɗa musu suna ta ɗinka musu riguna. Ya yi mata bayanin hujjarsa tiryan-tiryan, kamar yana yi wa mai firiji bayanin abin da ya ƙone. Inna ta ce ita ba ta san wannan ilimin ba, abin da ta sani kawai shi ne a gidanta ba a kwana da yunwa. Washegari ya sayo kwaɗo ya datse ƙofar, ya rataya mabuɗin cikin na shago.

Ni a wurina, wannan kwaɗon ya fi duk abin da ya biyo baya ciwo. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Kawai ya riga ya yanke wa ransa cewa abin da ke cikin robar nan ba ya cikin lissafin masu rai.

Lokacin zafi ne, firiji na mutuwa a ko'ina, Sanyi ba ya zama. Ɓeran da ya ware, wani babba mai tabo a kunne, ya daɗe a akwatin gobe fiye da kowanne, don goben tasa ta yi ta matsawa gaba. Inna na jin karce-karcen ta bango, tun yana da ƙarfi har ya koma sama-sama. Ta roƙi mabuɗi, ya ce in ya dawo.

Ranar da ya tuna da shi, yana sauri ne ana jiransa. Da ya ɗaga murfin gilashin ya lura idanun Gimbiya sun yi fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa, fatarta ta dusashe. Yaya ya faɗa masa wannan: alamar saɓa ce, a lokacin ba ta gani sosai, ba ta cin komai. Amma maganar ta shiga ne ta kunnen nan da ke sauraron inji. Ya jefa ɓera, ya rufe, ya fita.

Da ya dawo da la'asar, abin da ya fara gani jini ne a jikin gilashi.

Gimbiya na dunƙule, kanta a ɓoye. Gadon bayanta kuwa an gaigaye shi wuri-wuri, har farin ƙashi ya fito. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta iya kawai ta yi, ta ɓoye kai ta jira. A can lungu ɓeran yana barci, cikinsa ya yi tim.

Sanyi ya ɗaga murfin gilashin. Ya fizgo ɓeran ta wutsiya, ya cire takalmi ya ɗaga. Sai ya ji an riƙe masa hannu. Inna ce, a tsakiyar ɗakin da ta rantse ba za ta taɓa takawa ba.

"Ajiye shi," ta ce a hankali. "In duka za ka yi, ka fara da wanda ya rufe ƙofa."

Likitan dabbobin da Sanyi ya kai Gimbiya wurinsa ya wanke raunin, ya shafa magani, bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi dai yaushe rabon ɓeran da abinci, Sanyi ya ce an kwana biyu. Likitan ya ce barin ɓera mai rai da maciji ba tare da an tsaya ba ganganci ne a kowane hali, amma ƙosasshe sau da yawa lungu yake nema ya zauna. Mai yunwa kuwa zai ci duk abin da bai motsa ba.

A hanyar gida Sanyi ya tuna duk yammacin da ya tarar da ɓera yana lasar gashin baki Gimbiya kuma lafiya lau. Da yana ɗauka dabararsa ce ke aiki. Ashe ɓawon burodin Inna ne ya yi ta tsare masa amana, shi kuma ya sa masa kwaɗo.

Ya yi jinya iya ƙoƙarinsa. Mutumin da ba ya jiran shayi ya koyi zama gaban gilashi yana goge rauni da auduga. Yaya na kira, shi kuma yana cewa tana nan, ya sauya zance. Amma raunin ya yi zurfi, ya ruɓa daga ciki. Wata safiya ya taɓa ta, ba ta dunƙule ba.

Inna ta ce ita za ta faɗa wa Yaya a waya. Sanyi ya ce a'a, da ƙafarsa zai je.

Ya same shi a kan gadon asibiti, ya yi baƙi ya ƙanƙance. Ya durƙusa gefen gadon ya faɗi komai, da akwatin gobe, da murfin kwalba, da kwaɗo, bai rage ko ɗaya ba. Yaya ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, hawaye na gangarawa zuwa kunnensa. Sanyi yana jiran zagi, kuma da zagin ya zo da ya fi masa sauƙi.

"Ɓeran fa?" in ji Yaya.

"Yana nan, Yaya. Inna ta hana in taɓa shi."

"Ta kyauta." Ya juyo ya dube shi. "Na zaunar da kai na yi ta maka bayanin Gimbiya, ban ce maka komai a kan ɓerayen ba. Ka san dalili? Na ɗauka ba sai an gaya wa mutum ya ba mai yunwa abinci ba."

Sanyi ya kifa kansa a bakin gadon ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun suna yara, hannun Yaya a kan ƙeyarsa.

Da ya koma gida, kafin ya cire takalmi ya wuce bayan kicin ya ɓalle kwaɗon. Babu macijin da za a ciyar yanzu, amma ya bi robobin ɗaya bayan ɗaya yana zuba hatsi yana cika kwalabe. Da ya zo kan mai tabo a kunne ya tsaya. Sannan ya zuba masa nasa, daidai da na kowa.

Darasi: Kada ka taɓa ware wani mai rai ka ce wannan ba ya cikin lissafi, komai ƙanƙantarsa, komai gajartar kwanan da ya rage masa. Yunwar da ka bari a lungun gidanka ba a lungu za ta tsaya ba, abin da ka fi so za ta nema. Kuma in ka ga wani yana yin ɗan tausayin da kake gani ɓata lokaci ne, kada ka rufe masa ƙofa, wataƙila shi ne ke tsare maka abin da ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu kiwo da duk wanda aka bar wa amana.