Furen Dabinon Ghissa

Akwai wani dattijo a Arlit mai suna Hashimu, mutumin Tahoua, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin haƙar yuraniyom. Da ya ajiye aiki sai ya kama garka, wato lambu, a bakin gari. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse Yamai da Maraɗi, sai dai a gaisa ta waya ranar sallah.

Dabinan garkarsa duk mata ne. Wanda bai sani ba ya sani: dabino akwai mace, akwai namiji. Namijin ba ya 'ya'ya, fure kawai yake yi mai gari kamar na gero. Idan garin nan bai shiga furen macen ba, an yi shekarar banza.

Namiji ɗaya ne a wajen, yana can ƙarshen garkar maƙwabcinsa Ghissa, wani Ba'abzine. Duk ƙarshen sanyi Ghissa zai yanko furen, ya hau dabinan Hashimu ya ɗaura a cikin na matan, yana tsokana: "Hashimu, ga ango na kawo, ina goro?" Daga nan su zauna shan shayi. Gaskiya, ban da Ghissa babu mai leƙa Hashimu.

Wata rana suka saɓa a kan wanda zai fara ban ruwa. Maganar da ba ta taka kara ta karya ba, amma Hashimu akwai zuciya.

"Ka riƙe hurenka!" in ji shi. "Mi za ka nuna mini? Iska ma ta isa ta kawo shi."

Ghissa ya kwashe kofunan shayinsa ya tafi. Hashimu ya sa kwanon rufi ya toshe ƙofar da ke tsakanin garkarsa da ta Ghissa.

Iskar kuwa ba ta yi aikin ba. Shekarar nan 'ya'yan suka fito ƙanana ba ƙwallo, suka yi ta zuba, ko awaki ba su damu da su ba. Hashimu ya ji kaɗaici ƙwarai. Yana jiyo tarin Ghissa ta bayan kwano, girman kai ya hana shi sallama.

Da fure ya sake buɗewa, ya ga zai ƙara asara, sai ya haɗiye girman kan ya zagaya. Ya tarar da baƙo a garkar Ghissa, namijin dabinon yana kwance an sare. Sabon mai wurin ya ce icen da ba ya haihuwa shan ruwa kawai yake yi.

Ya nemi gidan Ghissa. 'Yarsa Mina ta fito. Ta ce ciwo ya tsananta, suka sayar da garka suka kai shi Gougaram wurin dangi, can Allah ya karɓi abinsa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin tsumma cike da busasshen fure.

"Baba shi ya shanya da hannunsa," in ji ta. "Ya ce a ba ka. Ya ce dabino bai yi masa laifi ba."

Hashimu ya hau ya ɗaura furen da kansa, yana kuka kamar yaro. Dabinan suka yi 'ya'ya har reshe na rinjaya. Duk wanda ya zo saye, sai ya ce ba na sayarwa ba ne, a ɗiba a yi wa Ghissa addu'a.

Darasi: Kada ka raina wanda ba ka ganin amfaninsa a fili, wataƙila albarkarka ta hannunsa take bi. Kuma idan akwai wanda kake gaba da shi, je ka yi masa sallama yau tun yana iya amsawa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.