Farar Tantabara Mai Suna Amana

A wani gari akwai wani mutum mai kiwon tantabaru. Allah ya sa wa kiwonsa albarka ƙwarai. Tukwanen da ya jera a kan soro da gindin rumbu duk sun cika, in ya watsa dawa da safe ba ka ganin ƙasa don yawansu. Amma ko ɗaya bai taɓa sa wa suna ba. A wurinsa tantabara tantabara ce kawai.

Katanga ɗaya ce ta raba shi da wani tsoho masaƙi, wanda shi ma yake ɗan kiwonsa. Na tsohon ba su kai goma ba, amma kowace da sunanta, kowane suna kuma da dalilinsa. Akwai Wake, domin jikinta ɗige-ɗige ne baƙi da fari. Akwai Mai-Wando, wanda gashi ya rufe masa ƙafafu har ƙasa. Akwai Talatu, da aka ƙyanƙyashe ran Talata. Akwai kuma wani namiji da ake kira Sanƙira, don baƙo ba ya shiga gidan bai kumbura wuya ya yi shela ba. Da yamma mutanen unguwa sukan taru a zauren tsohon, yana saƙa yana ba su labarin sunayen, ana ta dariya.

A cikinsu akwai wata fara fat, mai ɗan baƙin zane a wuya. Sunanta Amana. In tsohon ya tafa hannu ya kira ta, sai ta sauko ta zauna masa a kafaɗa. Ita kaɗai ce bai taɓa faɗin asalin sunanta ba. In aka matsa masa sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan kam, mai ita ne zai fara ji."

Mai tantabaru da yawa kuwa yana jin dariyar ta bayan katanga, abin yana ci masa rai. Kishi ya shige shi, ya hana shi jin daɗin abin da yake da shi. Ya ce wa matarsa, "Ki duba fa! Ni da nake da su kamar fari, ba wanda ya taɓa leƙo ni. Shi da 'yan tsirarunsa ya tara gari."

Matar ta ce, "Maigida, ka shiga mana ka zauna da su. Ai Baba ya aiko kiranka har sau biyu."

Ya ce, "Don ya nuna mini farar nan tasa ne. Ba ni zuwa."

Wata safiya ya ce shi ma bari ya gwada. Ya tsaya a tsakar gida yana tafi, yana kira, "Sarauniya! Zinariya!" Ko wadda ta ɗago kai babu, suna ta tsattsagar dawarsu. Matarsa ta sa bakin zane ta rufe baki. Bai san cewa suna ba ya kama tsuntsu a rana ɗaya ba, sai an sha wahalarsa. Tun daga ranar ya daina ganin nasa garken gaba ɗaya. Ido ya koma kan katanga, inda Amana takan sauka ta sha hantsi.

Sai ya fara zuba gero a kan katangar, washegari a gindinta, har farar ta saba saukowa gidansa. Ya kafa kwando da ɗan kara da igiya, ya kife ta. Sa'an nan ya yi abin da masu kiwo suke yi wa sabuwar tantabara don kada ta koma gidansu: ya fige mata dogayen gashin fiffike. Ya ɓoye ta a wata fasasshiyar tukunya a bayan rumbu, ya ce, "Daga yau sunanki Tawa."

Ta ƙi ci, ta ƙi sha, sai kallon katanga. Safe da yamma yana jin tsohon yana tafi yana kira, "Amana! Amana!" Abin kunya ne a faɗa, amma kiran nan daɗi yake yi masa. Haka kishi yake, ba ya ƙoshi da samu sai ya ga wani ya rasa.

A rana ta uku ya tafi gona. Da tsakar rana wani muzuru ya diro cikin gidan. Tantabarun duka suka tashi fir, suka hau soro. Ɗaya ce kawai ba ta da fiffiken tashi. Da mutumin ya dawo bai tarar da komai a bayan rumbu ba sai farin gashi a warwatse. Ya yi maza ya share, ya tura ƙarƙashin rumbun.

Bai gama wanke hannu ba sai ga sallama. Tsohon ne, rungume da tukunya, ga kuma wani namijin tantabara a cikin kwando.

Ya ce, "Ɗana, haƙuri na zo ba ka. Ka tuna bara da damina, wata 'yar tantabara da ta faɗo daga tukunya ta karye a ƙafa, ka jefa ta juji a bayan katanga?"

Mutumin ya ce, "Na tuna, Baba. Ai ba mai rayuwa ba ce."

Tsohon ya ce, "Ni na tsince ta. Na ɗaure ƙafar da zare, na riƙa tauna gero ina ba ta baki da baki, har ta tashi. Tun ranar na san ba tawa ba ce, daga gidanka ta fito, shi ya sa na sa mata Amana. Da na mayar maka da ita ita kaɗai, da ta gudo wurina, don ka san tantabara ba ta zama sai inda mijinta da ƙwanta suke. Sai na jira ta yi miji ta yi ƙwai, in kawo maka su gaba ɗaya da tukunyarsu. Dalilin kiran da na yi ta aika maka ke nan, don in faɗa maka. To ta yi ƙwai biyu, sai ga shi yau kwana uku ba ta dawo ba. Mijin ya kwanta a kansu har ya gaji, sun huce. Na kasa riƙe maka amanarka. Ka yafe mini."

Mutumin ya leƙa tukunyar, ya ga ƙwai biyu a kan 'yan karare. Ya je ya sa hannu ƙarƙashin rumbu, ya kwaso farin gashin, ya durƙusa a gaban tsohon yana kuka, ya ce, "Baba, ba kai ne ka ci amana ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon gashin. Daga baya ya ajiye kwandon a hankali ya ce, "Ga mijin dai. Shi ma naka ne."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Tantabarun nan baiwa ce da Allah yake ba kowane mutum, wani da yawa, wani kaɗan. Mai yawan nan bai rasa komai ba sai godiya. Katangar kuwa girman kai ne, wanda yake hana mu taka ƙafa mu je mu tambayi ɗan'uwa. Sau biyu aka kira shi. Da ya je, da ya ji asalin sunan daga bakin tsohon, ya koma gida da tukunya cike da albarka.

Mu ma haka muke yi. Wata tana da murya a ƙungiyar mawaƙa, sai mu ce nuna kai take yi. Wani gonarsa ta yi kyau, sai gaisuwarsa ma ta yi mana nauyi. Mu bi shi da tsegumi muna fige masa fiffike ɗaya bayan ɗaya, mun manta cewa muryar nan mu za ta ta'azantar ranar makoki, hatsin nan kuma mu zai ciyar ranar yunwa. Allah ba ya ba mutum baiwa domin kansa kaɗai. Amana ce yake ba shi ya riƙe wa 'yan'uwansa.

In akwai wanda kake jin zafinsa a zuci yau, kada ka jira sai ya zo maka da ƙwai masu sanyi. Ka roƙi Ubangiji gafara, ka zagaya katangar ka yi sallama. Mai yiwuwa abin da kake kishi a hannunsa, kai yake shirin kawo wa.