Kuluwa da Aljanin da Ya Rufe Hadari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Inna!

To, a wani gari an yi wata budurwa, Kuluwa, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta zauna ƙafa na rawa, in ta tsaya hannu na ƙaiƙayi. Ba abin da take so a duniya kamar daɓe. Ko ɗakin wa za a daɓe, kafin a aika kiranta tana can da madaɓinta, tim, tim, tim, tana waƙa.

Shekarar nan mutane suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Uwar Kuluwa ta juye ɗan geron da ya rage mata kaf a gona. Ruwa shiru. Gara na ci, ɓera na tono. In irin nan ya ƙare, babu na sake shuka, babu na tuwo.

Ashe Aljanin Dutse ne ya kwashe hadari ya tura a randa ya rufe. Ya aiko ya ce, "Na gaji da waƙar roƙo. Sai an yi mini waƙar da ba ta neman komai, sannan in buɗe."

Barmo maroƙin sarki ya ce, "Wannan ai aikina ne." Sarki ya ce in ruwa ya sauka zai ba shi doki. Barmo ya hau dutse, ya rera, ya rera. Aljani ya shinshina ya ce, "Waƙarka warin doki take. Sauka!"

Zakara ya ce, "Ku bar ni da shi, ni kullum kyauta nake cara." Ya hau, ya miƙe wuya, ya yi cara. Aljani ya shinshina ya ce, "Warin tsaba. Sauka!"

Kuluwa ta kasa zaune, ta kasa tsaye. Ta je gona ta dawo, ta koma ta dawo. Uwar ta ce, "Ke 'yar nan, kin sa ni jiri!" Kuluwa ta ɗauki gorar ruwa, ta soke madaɓi a ɗamara, sai dutse.

Ta durƙusa a bakin kogon Aljani ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na son doki, ba na son tsaba." Ta rera. Aljani ya shinshina ya ce, "Warin geron uwarki. Sauka!"

Ta juya da hawaye, sai ta yi tuntuɓe da rami. Ta duba. Kai! Ƙasan kogon nan duk ramu ne, duk tsaga, duk ƙura. Hannunta ya fara ƙaiƙayi.

Ta ce, "Haba Baba, a nan kake kwana? Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kwaso tsakuwa ta cike ramu. Ruwan gorar da za ta sha a hanya ta yayyafa shi kaf. Ta zaro madaɓi, tim, tim, tim! Waƙa ta fito da kanta:

"Kwanta ƙasa, kwanta,
Kwanta ki yi santsi,
Ni da ke ne yau."

Ta manta gero. Ta manta ruwa. Ta manta a gidan wa take.

Aljani ya shinshina, bai ji warin komai ba. Ya sake shinshinawa, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafarsa ta fara rawa, ya taka, ya juya, ya hamɓare randa. Hadari ya fito gungu-gungu, ruwa ya ɓarke!

Ya ce, "Yarinya, faɗi abin da zan ba ki."

Kuluwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Matsa, Baba. Ka tsaya mini a inda ban gama ba."

Sai da ta gama tsaf ta sauko, a jiƙe sharkaf. Geron uwarta ya tsiro, gari ya ci ya ƙoshi.

Da shekara ta zagayo, mutane suka hau dutse kowa da madaɓinsa, ana ta bugu ana leƙen randa. Aljani ya toshe hanci ya kore su.

Kun ji, yara. Aikin da aka yi don ana son sa, ƙamshinsa daban ne, kuma ba a ara.

Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya tone iri! Ku tashi, ku ba ni tabarmata.