Alewa a Hannun Ƙaguwa

Akwai wani saurayi a layinmu na bayan tashar jirgin ƙasa, a nan Osaka, sunansa Ippei. Da za ka tambayi yaran unguwa, sai su rantse maka yayarsa Misuzu ce kaɗai a gidan, domin an yi shekaru ba wanda ya ga fuskarsa.

Dalilin ba wani dogo ba ne. Ya yi kuskure a wurin aiki, shugabansa ya tsayar da shi a gaban ma'aikata ya wanke shi tas. Ya dawo gida ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Aka ce zuwa gobe zai huce, goben ce har yau ba ta zo ba.

Iyayensu sun rasu, sai nauyin ya faɗo kan Misuzu. Kullum kafin ta fita aiki sai ta ajiye masa shinkafa da gasasshen kifi a bakin ƙofa. Kuma ita ta zama bakinsa. In dangi sun kira, ta ce, "Ippei yana gaishe ku." In maƙwabta sun aiko da wani abu, ta ce, "Ippei ya gode." Har ta kai ba a gama tambaya take amsawa.

Ƙauna ce ta sa, ban musa ba. Amma abin da ke cin ta a rai shi ne, ranar da ta kwanta ciwo, ƙanenta ba zai iya duban mutum ya nemi ko ruwan sha ba.

Abu ɗaya ne Ippei bai saki ba: wani jarumin talabijin na zamanin yarintarsu, Ƙaguwar Ƙarfe. A cikin ayarin jaruman, shi ake fara yi wa duka, ga tafiya a karkace, ba yaron da ke yarda a ba shi sunansa a wurin wasa. Shi wannan ɗin Ippei ya zauna yana ƙera kayansa da soso da gam da jan fenti, har gidan ya ɗauki warin.

Wata safiya Misuzu tana sunkuyawa za ta ajiye tire, sai ta ji murya daga bayan ƙofa.

"Yaya. Gidan nan na mutum-mutumin kakin zuma da ke bakin kogi sun buɗe zauren jarumai. Har da Ƙaguwar Ƙarfe a ciki. Wai ranar Lahadi kowa na iya zuwa da shigar jaruminsa."

Saura kaɗan kifin ya kife. Ta ce, "To, ranka ya daɗe. In goge maka wando ke nan?"

"Ƙaguwa ba ta sa wando, Yaya."

Kowa ya sani ba a hawa jirgi da irin wannan shiga, a akwati ake jan kaya sai an isa a sauya. Nan wahalar take. Ranar Lahadi Ippei ya rufe hanci da baki da takunkumin takarda, ya ja hula har gira, ya kafa wa takalmansa ido tun daga tasharmu har bakin kogi.

Amma da ya fito daga ɗakin sauya kaya, sai ga wani mutum daban. Jan sulke, hular kwano mai idanu biyu a tsaye, hannuwa kamar manyan almakashi. Ya nufo ta a karkace yana ƙwas-ƙwas. Misuzu ta yi dariya har ta dafa bango, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

A zauren, manyan jarumai suna gaba, fitilu a kansu, mutane sun yi layi ana ɗaukar hoto. Ƙaguwar Ƙarfe kuwa, Allah sarki, can ƙurya aka jingine shi kusa da ƙofar banɗaki. Ippei ya je ya tsaya a gefensa yana kallo.

Sai ga wasu samari da kyamarori. Ɗaya ya rusuna ya ce, "Ɗan'uwa, wannan aiki ya yi. Ka yarda mu ɗauka?" Kafin ka ce me, mutane sun taru, idanu duk sun dawo kansa.

Ippei ya ƙame.

"Ku yi haƙuri, ba ya so," in ji Misuzu da sauri. Suka ba da haƙuri suka watse.

Jama'a sun tafi, amma shi bai motsa ba. Masu wucewa banɗaki suka ɗauka mutum-mutumi biyu ne, har wani ya ce wa matarsa na daman ya fi kyau.

Ta raɗa masa, "Mu koma gida?" Ta san in ta ja shi a haka ta mayar, ƙofar nan za ta rufu, kuma da wuya ta sake buɗuwa. Ba ta san abin yi ba, sai ta tsaya kawai a gefensa har ƙafafunta suka yi tsami.

Ana haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga banɗaki tana goge hannu, da riga mai zanen damisa da gashi an rina shi shuɗi-shuɗi. Irin iyayen nan namu na Osaka, waɗanda jakarsu ba ta rabuwa da alewa, bakinsu kuma ba ya rabuwa da magana. Sunanta Hatsue, don ita ta faɗa ba a tambaye ta ba.

Ta tsaya gaban na kakin ta riƙe ƙugu. "Kai, har a nan ma bakin banɗaki suka kai ka? Marigayi mijina da ya gani, da ya tayar da rigima. Shi ma haka yake tafiya in ya sha ya yi tatul."

Ta zaro alewa ta ɗora a hannun mutum-mutumin. Sannan ta juyo ta dubi Ippei sama da ƙasa.

"Wannan kuma numfashi yake yi. Ungo, ɗana." Ta cusa masa guda a cikin almakashi. "Shi wancan na yafe masa, ba shi da maƙogwaro. Kai kuwa ba inda za ni sai na ga ta shiga baki."

Bakin Misuzu ya buɗe da kansa. "Inna, ai shi ba ya..."

Sai ta lura da wani abu. Hular kwanon ta juya, amma ba wajenta ba, wajen tsohuwar. Tun da Ippei ya rufe ƙofa, wannan ne karo na farko da aka yi masa magana bai nemi yayarsa da ido ba.

Ta cije leɓe ta yi shiru. Ta faɗa mini daga baya cewa duk shekarun kai tire ba su yi mata nauyin wannan shirun ba.

Inna Hatsue ta samu benci ta zauna abinta. Ta ba su labarin gwiwarta, da na surukarta da ba ta iya dafa shinkafa ba, da na likitan da ya hana ta zaƙi. Ba ta ƙara duban Ippei ba ma.

Da almakashin soso ba a ɓare alewa, da hular kwano kuma ba a shan ta. Can sai Ippei ya matse almakashi ɗaya a hammata ya zare hannunsa daga ciki. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Sannan ya kama hular ya ɗaga.

Fuskarsa sharkaf da gumi, ta yi fari fat kamar kakin zuma. Ya ɓare alewar ya jefa a baki, ya yamutsa fuska.

"Ta lemun tsami ce," ya ce. "Inna, babu mai madara?"

"Ji min ɗan banza, an ba shi kyauta yana zaɓe." Ta kai masa duka a sulke, ta hau tonon jaka. "Ga ta. Ashe ma kyakkyawa ne, ka zo ka ɓuya a cikin ƙaguwa. Ke 'yar nan, kukan me kike yi? Ungo taki."

"Na gode, Inna," in ji Ippei. Da bakinsa ya faɗa.

Ba zan ce muku ya warke a ranar ba, wannan ciwon ba haka yake tafiya ba. A hanyar dawowa ma kansa a sunkuye yake. Amma suna zaune a jirgi, Misuzu ta buɗe jakarta za ta ɗauki hankici, sai ta ga takunkumin takardarsa a ciki, inda ya ba ta ajiya tun a ɗakin sauya kaya. Ta saci kallonsa. Fuska a buɗe, kunci ya kumbura da alewa, yana kallon kogi ta taga.

Ta rufe jakar a hankali, ba ta tuna masa ba.

Darasi: In kana kula da wanda rayuwa ta karya, kada tausayi ya sa ka ƙwace masa baki. Ka tsaya kusa da shi, ka yi haƙuri ya amsa da kansa, ko da shirun zai yi maka ciwo. Kuma kada ka raina ɗan alherin da ke jakarka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗauke da nauyin ɗan'uwansa shi kaɗai, ya san ba a manta da shi ba.