Hannun da Aka Tsallake a Jibin Ubangiji

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a Abujan nan tamu, shekarun da soja suka koma bariki, gine-gine suna tashi ta ko'ina. Ba zan faɗi sunansa ba, domin na ci tuwon gidansa. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma dattijo a wata ikkilisiya wajen Kado. A ofishinsu kowa na cika aljihu, shi ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Ba giya, ba mata, ba fashin sujada. Shi ke raba gurasar tunawa da mutuwar Yesu ran Jibin Ubangiji.

To ina laifin? Laifin shi ne ya ɗauka da guminsa ya sayi adalci. In ana wa'azin alherin Allah, sai ya riƙa waiwaye yana neman waɗanda ake yi dominsu.

Ɗansa guda ne, Bartholomew, mai sayar da kifi a kasuwar Kado. Ya yi wa wata yarinya mai suna Catherine ciki kafin aure. Ikkilisiya ta sa su horo, wato aka mai da su bencin baya, aka hana su cin Jibi. Ba su gudu ba. Suka shanye kunyar, suka tuba, aka ɗaura aure. Da horo ya cika, faston ikkilisiyar ya kama hannunsu gaban jama'a ya ce an karɓe su. Zumuntar mata ta buga tulu tana waƙa.

Ranar akwai Jibi. Uban ya ɗauko tire yana bi layi-layi, har ya zo kan ɗansa. Bartholomew ya miƙa hannu biyu, ya ce a hankali, "Baba." Uban ya kafa ido gaba, ya ba na kusa da shi, ya wuce. Aka bar hannuwan nan a buɗe, kowa na gani.

Dattawa suka sami uban. Ya ce, "Ku kuka yafe. Ni sunan da na gina ya zubar a ƙasa."

Kai, bawan Allah! Teburin naka ne? Jikinka aka kakkarya, ko jininka aka zubar?

Bartholomew bai ƙara taka majami'ar ba. Ya kwashe iyalinsa suka koma Yangoji noman doya. Can ciwo ya kwantar da shi. Catherine ta zo da goyo, ta durƙusa ta ce, "Baba, ɗanku ba ya kiran kowa sai ku." Ya ce sai an gama taron dattawa. Kafin a gama taron, Bartholomew ya cika.

A bakin kabari mutumin nan ya zube, sai ɗaga shi aka yi. Daga nan ya ajiye aiki, ya rufe kansa a ɗaki, ya rame ya zama kamar kara. Na je wurinsa ba sau ɗaya ba. Kullum tambayarsa ke nan: "Fasto, me zan yi in biya? Azumi? Ko in gina majami'a?"

Na ce, "Baba, ba a biya. Yesu ya riga ya biya a kan gicciye. Karɓa kawai za ku yi."

Ya girgiza kai. "Abin da ban yi wa gumi ba, ban iya karɓarsa ba."

Da ciwon ajali ya zo, na kai masa Jibi har gado. Catherine ce ta tallafo kansa, tana cewa ta yafe, mijinta ma ya yafe tun kafin ya cika. Na kai gurasa bakinsa. Ya datse haƙora, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Haka ya tafi. Har yau in na tuna, zuciyata karyewa take yi.

Ya 'yan uwa, adalci kyauta ce daga Allah, ba albashi ba. Wanda ya mai da shi albashi zai hana wa ɗan uwansa, ran da shi ma ya faɗi kuma, ba zai san yadda ake miƙa hannu ba. Wa ka tsallake? Yana da rai tukuna? Tashi ka je yau.

Ya Ubangiji, ka buɗe hannuwanmu mu karɓa, mu kuma bayar. Allah ya kiyaye mu da taurin zuciya, cikin sunan Yesu. Amin.